Ginin Ƙasa da Rigar Siminti: Nazari a Kan Al'adar Yaɓe

Duk shekara, da zarar ruwan Agusta ya zauna, labarin da ke fitowa daga tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Damagaram iri ɗaya ne: katanga ta faɗi, soro ya rufta, wani lokaci har da asarar rai. Hukuncin da jama'a ke yankewa shi ma bai canzawa, wai ginin ƙasa zamaninsa ya wuce. Amma wanda ya tsaya ya dubi ɓaraguzan da kyau zai ga wani abu da ba a cika magana a kansa ba. Sau da yawa a cikin tarin jar ƙasar akwai manyan ɓawon filastar siminti, sun ɓallo faifai-faifai. A ganina, yawancin waɗannan gidaje ba tsufa ne ya kayar da su ba. An daina yi musu irin kulawar da aka gina su dominta, aka musanya ta da gyaran da bai dace da jikinsu ba.

Maginin gargajiya bai taɓa ɗaukar gini a matsayin aikin da ake gamawa a juya baya ba. Tun daga kwaɓi ake gane haka. Ana haƙo ƙasa mai danƙo, a zuba ruwa, a haɗa da ciyawa ko kashin doki, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin a mulmula tubali a shanya. Wajen jeri, gindin tubalin ne a ƙasa, tsininsa a sama, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan fara da kauri sosai daga tushe, yana sirancewa yayin da yake tashi, don nauyin ya zauna a inda ya kamata. Rufi kuwa na azara ne, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika yi mata illa ba. Azara ba ta ɗaukar nauyi idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, shi ya sa magina suka ƙware a ɗaurin baka da ɗaurin guga, ana ɗora azara kan azara ana lanƙwasawa har a rufe babban ɗaki ba ginshiƙi a tsakiya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shi ne babbar shaidar inda wannan fasaha ta kai.

Duk wannan ƙwarewa tana tsaye ne a kan abu guda: hana ruwa zama. Nan yaɓe ya shigo. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. A jiƙa shi, ruwan ya yi duhu, a kwaɓa ƙasa da shi a shafe bango. Akwai laso, wanda ya fi ƙarko, ana haɗa shi da katsi, wato guggubin da ake kwashewa daga ramin marina a ƙona, da gashin da majema ke karcewa daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe saman soro da rawaninsa da bakin indararo. A lura da yadda sana'o'i suka riƙe juna: sharar marini da ta majemi ita ce kayan aikin magini. Kuma yaɓen nan yana da lokacinsa. Kafin ruwan farko maigida zai sa a hau soro, a share, a toshe tsaga, a gyara indararo, a ƙara ƙasa inda ta zaizaye. Yaɓe yana cinyewa a hankali, kowa yana gani, kuma ganin nan shi ne amfaninsa, domin yana nuna wa mai gida inda ciwon yake tun bai yi nisa ba.

Siminti ya zo da alkawarin hutu: shafa sau ɗaya, ka manta. Matsalar ita ce ƙasa da siminti ba halinsu ɗaya ba. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya sake ta idan iska ta bushe. Yana ɗan kumbura, yana ɗan tsukewa. Filastar siminti kuwa tauri gare ta, ba ta bin wannan motsi, kuma ba ta kama ƙasa kamun kirki. Ba a jimawa sai siraran tsaga su bayyana, kuma Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi tsagar ya shige, fita kuma ta gagara, saboda simintin ya toshe hanyar da laimar za ta bi ta bushe. Daga ƙasa ma danshi yana hawowa ta tushe, ya taru a bayan filastar tare da gishirin da yake ɗaukowa. Daga waje bango sumul, har da fenti. Daga ciki ƙasar ta zama taɓo. Ranar da abin zai nuna kansa, ba tsaga za a gani ba, faɗuwa za a ji.

Ba adalci ba ne a ɗora wa masu gidaje laifin duka. Marinu da yawa sun mutu, katsi ya yi wuya. Ɗorawa da giginya sun ragu a dazukan da ke kusa da birane. 'Ya'yan magina sun koma birkiloli, don can kuɗin yake. Ga kuma maganar mutunci: a idon mutane da yawa, gidan da ba a shafa wa siminti ba alamar rashi ce, har wajen neman aure ana dubawa. Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin mai gida ɗaya. Idan aka yi titi ko maƙwabci ya yi ciko ya ɗaga gidansa, tsohon gida sai ya koma rami, ruwan unguwa duka ya riƙa kwanciya a gindin katangarsa. Wannan ko bulo ne sai ya ji jiki.

To me mai tsohon gida zai yi? Ya fara da sama da ƙasa, ya bar tsakiya tukuna. Indararo ya zama mai tsawo, yana watsa ruwa nesa da bango, kuma inda ruwan ke sauka a sa dutse ko a yi masa hanya zuwa kwata. Gindin katanga a yi masa gangare, kada ruwa ya kwana a wurin. Idan an riga an yi filasta, a riƙa ƙwanƙwasa ta da hannu. Inda aka ji tana amo kamar ganga, ta rabu da bangon, gara a ɓamɓare ta a bar wurin ya sha iska ya bushe, sannan a cike da ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita. Cusa siminti a ramin bangon ƙasa neman gira ne da ke jawo rasa ido. Wanda zai sa rufin kwano kuma, ya bar masa baki mai faɗi da zai kare bangon daga feshin ruwa, kuma kada a ɗora sabon bene na bulo a kan tsohon tushen da ba a gina shi don wannan nauyi ba.

Masu cewa ƙasa ba ta ƙarko su dubi hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844 kuma tana nan tsaye saboda ba a daina yaɓa ta ba. Su dubi masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji ma, cikin jihar Tawa, an kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka mayar da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu maimakon a rushe shi.

Har yanzu akwai tsofaffin magina a biranenmu da suka san haɗin laso da ƙa'idar ɗaurin baka, kuma sarautar Sarkin Magina ba ta ɓace ba. Makarantunmu na koyon sana'a da sassan nazarin gine-gine na jami'o'i su neme su tun suna raye, su zaunar da ɗalibai a gabansu. Kai kuma mai gidan gado, kafin ka sayi buhun siminti a bazarar bana, ka nemo ɗaya daga cikinsu ya zagaya gidan tare da kai.