Jinjina ga Masu Tace Labaran Hikayata

Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata, ta gajerun labarai ta mata zalla, kuma Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarinta "Sansani". Daren bikin karramawa kowa na ganin gwanayen shekara a kan dandamali. Amma ni yau jinjinata ga waɗanda kyamara ba ta haska su take.

Kafin a kai ga wannan dare, akwai masu zaman tace ɗaruruwan labarai ɗaya bayan ɗaya. Wani labarin a wayar hannu aka buga shi, bayan yara sun yi barci, babu aya babu waƙafi, haruffan ƙ da ɗ duk sun ɓace. Mai tacewa ba ya jefar da shi don haka. Sai ya karanta har ƙarshe, ya sake dawowa, yana neman inda zaren labarin ya ƙullu. Sannan alƙalai su zauna su yi ta muhawara a kan wanda ya fi, aikin da ba a rabuwa da shi ba tare da an sha suka ba. Allah ya saka musu da alheri.

Mun san abin da gasa ke haifarwa. Wadda aka yi a Zariya a 1933 ita ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Hikayata kuwa ta sa ana karanta labaran matan Katsina da Maraɗi a rediyo, iyayensu da maƙwabta na saurare.