Laifi da shaida a cikin «Sarraounia» na Abdoulaye Mamani

A cikin wannan ɗan tsokaci za mu duba ƙagaggen labarin Abdoulaye Mamani, «Sarraounia» (1980), a matsayin labarin bin sawun mai laifi. Tarihin kansa ne ya ba mu wannan dama. A 1899 ayarin sojan Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa. Da labari ya kai Faransa, aka tura Kanar Klobb ya binciko. Klobb ya bi toka da gawawwaki har ya cim musu kusa da Tasawa, inda Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli.

To amma Mamani bai tsaya ga tambayar wa ya aikata ba, tun da mai laifi sananne ne tun farko. Abin da ya dame shi shi ne wa ya tsaya musu. Rahotannin Faransawa sun taƙaita ƙwarai a kan Sarauniyar Lugu da faɗan watan Afrilu, sai marubucin ya cike giɓin da tunaninsa, ya mai da mai riƙe da sarautar tsafin Azna jarumar fagen fama. Labarin ya yi armashi, ba mu musa ba, kuma fim ɗin Med Hondo (1986) ya ƙara masa kwarjini. Sai dai a ganinmu ya shafa wa sarakunan Musulmi baƙin fenti bai ɗaya, alhali kowannensu da irin lissafin da ya yi. Abin da ya fi damunmu kuwa, ɗalibai kan kawo shafukan littafin cikin kundayensu tamkar shaidar gani da ido.

Mai karatu daga Kurfai ko Imanan, yamma da Lugu, ya san irin wannan matsala a gida. Wajen 1925 wata mata mai suna Shibo, daga Cikal kusa da Filinge, ta jagoranci ƴan borin Hauka, suka ƙi bin sarki Gado Namalaya, aka kama su aka kai Yamai. A nan ma takardun da suka rage na masu kamun ne, kamar waɗanda Fuglestad ya yi aiki da su a nazarinsa na 1975. Maganar Shibo kanta sai a bakin tsofaffin Cikal.