Masu gyaran hannun gem na Banex

An fi sanin Banex Plaza, da ke titin Aminu Kano a Wuse 2, da cinikin waya da kwamfuta. Amma a lungunanta akwai samarin da suka laƙanci gyaran hannun gem, kuma sun cancanci jinjina.

Zafin Abuja a watan Maris kan jiƙa tafi da gumi, hannun PlayStation ya riƙa santsi ana tsaka da buga ƙwallo. Mai gyara zai kwance sukuru huɗun da ke bayan DualShock 4, wanda Sony ta fitar a 2013, ya buɗe ɓawon a hankali don kada siririyar wayar ciki ta tsinke. Sai ya goga samfefa a wurin riƙo, ko ya manna roba mai kaushi. Robar kan sanda da babban yatsa ya cinye kuwa, sabuwa yake sa mata.

Babban aikin shi ne sandar da ke karkata da kanta. Wannan sai da dalma da natsuwa.

Masu gidajen gem na Kubwa da Nyanya sun fi kowa morar masu gyaran, tunda farashin sabon hannu dala yake bi.