Gwanintar Ɗaliban da ke Shirya wa Gasar Tattalin Arziki

Tun shekarar 2018 da aka fara ta a birnin Mosko na Rasha, ɗaliban sakandare daga ƙasashe masu yawa suna karawa duk shekara a Gasar Tattalin Arziki ta Duniya, wadda aka fi sani da IEO. Kowace ƙasa na tura tawagar da ba ta wuce ɗalibai 5 ba. A 2023 an yi ta a garin Volos na Girka, a 2024 kuma a Hong Kong. Zagaye uku ne: na ilimin tattalin arziki zalla, na sanin sarrafa kuɗi, sai na warware matsalar kasuwanci, inda ake danƙa wa tawaga matsala, a ba ta awa 24 ta nemo mafita, sannan ta tsaya gaban alƙalai ta kare shawararta da Turanci. Amurka ma tana da tata, National Economics Challenge, mai rukuni biyu: na David Ricardo don sababbin shiga, da na Adam Smith don waɗanda suka yi nisa. A Birtaniya kuwa, ƙungiyar Royal Economic Society na shirya gasar rubutun maƙala ta matasa.

Da yawan masu shiga waɗannan gasanni suna yi ne don takardarsu ta neman jami'a ta yi nauyi, kuma babu laifi a wannan. Amma abin da ya fi burge ni shi ne irin tunanin da yaro ɗan shekara 16 ko 17 ke samu a watannin shiri. Yana koyon kallon lamari ya tambayi kansa, sai kuma me zai biyo baya? In ya sami amsa ya sake tambaya, har sai ya kai ga inda yawancin mutane ba sa kaiwa.

A ce damina da rani sun yi kyau, tumatir ya cika kasuwar Kwanar Gafan a jihar Kano. Wanda bai yi nazari ba zai ce manoma sun dara. Ɗalibin da ya shirya zai ɗauki biro tukuna. Bara manomi ya sayar da kwando 100 a kan naira 10,000 kowanne, ya tashi da miliyan ɗaya. Bana ya samu kwando 130, amma kowa ma ya samu, farashi ya faɗo naira 6,000, ya tashi da naira 780,000. Amfani ya ƙaru, kuɗi ya ragu. Dalili kuwa, magidanci ba ya ninka miyar gidansa don tumatir ya yi araha, shi kuma manomi ba zai iya ɓoye kayan gwari ya jira farashi ba. Daga nan ɗalibin zai gane me ya sa shanya tumatir, ɗakin sanyi da masana'antar tumatirin gwangwani suke da tasiri a aljihun manomi. Cikin 'yan mintoci zai zana layin buƙata da layin wadatar kaya, ya nuna inda suka haɗu da inda suka koma, ya rubuta bayani a jimloli huɗu ko biyar. Wannan taƙaitawar ita kanta gwaninta ce, domin alƙalan gasa hujja suke ba maki, ba yawan surutu ba.

Haka ɗalibin yake yi da manyan al'amura. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin kwanaki kaɗan lita ta tashi daga kusan naira 200 ta haura 500 a Arewa. Kowa ya ga kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi. Ɗalibin gasa zai ci gaba: kuɗin da gwamnati ta daina kashewa ina ya nufa, kason jihohi ya ƙaru ko bai ƙaru ba, yaya 'yan bumburutun Maraɗi suka kwana da man da ake tsallakawa da shi ya daina araha, wa ya fi jin jiki tsakanin mai mota da mai hawa Keke Napep? Ba ya fara da goyon baya ko suka. Yana fara lissafa wanda ya samu da wanda ya rasa, yau da kuma bayan shekara biyu, sannan ya yanke hukunci. Samun wannan natsuwar a shekarun ƙuruciya ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma darussan da ke karya abin da hankali ya saba da shi. A littafinsa na 1817, David Ricardo ya kawo misalin Ingila da Fotugal. Ingila na buƙatar aikin mutum 100 a shekara don saƙa wani adadi na yadi, da mutum 120 don yin ruwan inabi. Fotugal kuwa mutum 90 sun ishe ta yadin, 80 sun ishe ta ruwan inabin. Fotugal ta fi iya duka biyun, amma Ricardo ya nuna cewa ƙasashen biyu za su ci riba idan Fotugal ta tsaya kan ruwan inabi, Ingila ta tsaya kan yadi, su yi musaya. Sirrin shi ne, ana auna tsadar abu da abin da ka bari don ka same shi. Ɗalibin da wannan ya zauna masa ya sami awon da zai yi amfani da shi har a rayuwarsa, domin awa biyun da ya ba wa waya, awa biyu ce ya cire daga karatu.

Zagayen kuɗi na IEO yana buƙatar hannu mai sauri. Ka ajiye naira 100,000 a banki da ribar kashi 15 cikin ɗari, shekara ta zagayo kana da 115,000. Idan hauhawar farashi ta kai kashi 30, kayan da dubu ɗarinka ke saye yanzu sun koma 130,000, wato lambar ta hau amma ƙarfin kuɗin ya sauka. Ɗaliban kuma suna da dabarar 72: ka raba 72 da yawan kashin, ka sami kimanin shekarun da abu zai ninka. Hauhawar kashi 24 na nufin farashi zai ninka cikin kusan shekara 3. A Najeriya, ƙasar da alƙaluman hukuma suka nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 a Disamban 2024, wannan lissafi na kowane gida ne.

To, yaya ake kaiwa nan? Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu nasara suna farawa da littafi ɗaya su bi shi babi bayan babi, kamar Principles of Economics na Gregory Mankiw, ko The Economy na ƙungiyar CORE da ake karantawa kyauta a intanet. Suna gyara lissafinsu, musamman aljabara da karanta zane. Suna warware tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansu, kuma duk tambayar da suka faɗi sai sun gano inda tunaninsu ya karkace. Suna bin labarai da idon ɗalibi: in Babban Bankin Najeriya ko na Amurka ya ƙara kuɗin ruwa, su rubuta abin da suke hasashen zai faru, bayan watanni su dawo su duba. Sannan suna atisayen aiki tare, wannan ya riƙe alƙaluma, wancan ya binciko kasuwa, wata ta tsara jawabi, ɗaya kuma ya zama mai jefo tambayoyi masu zafi kafin alƙalai su jefo.

Game da jami'a, ya kamata a faɗi gaskiya. A Najeriya makin JAMB da sakamakon WAEC ko NECO ne ke buɗe ƙofa, lambar gasa ba ta maye gurbinsu, ko da yake wanda ya yi irin wannan shiri zai ga takardar tattalin arziki ta zo masa da sauƙi. A waje ne gasa ke magana kai tsaye. Fom ɗin Common App na jami'o'in Amurka yana da gurbin lambobin yabo 5 da ayyuka 10. A Birtaniya, mai nema ta UCAS yana rubuta bayanin kansa da bai wuce haruffa 4,000 ba, inda ake son ya nuna abin da ya karanta bayan na aji. Wanda bai ci lamba ba amma ya iya bayyana yadda matsalar tumatir ta sauya masa tunani, yana da abin rubutawa da abin faɗa a ganawa, kuma malaman jami'a sun iya bambance tunanin gaske da na aro.

Abin daɗin shi ne wannan horo ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko kayan miliyoyi. Malamin tattalin arziki guda, allo, waya mai intanet da ɗalibai biyar masu ƙwazo sun isa a kafa ƙungiya a kowace sakandare, a riƙa zama sau ɗaya a mako ana warware tambaya ɗaya har ƙarshenta. Daga cikin irin waɗannan yara ne za a sami masu tsara kasafin kuɗin jihohi da masu jan ragamar bankuna, kuma al'ummar da ke fama da tsadar rayuwa tana da buƙatar shugabannin da suka saba auna sakamakon mataki kafin su ɗauke shi.