Garken Laka: Yabon Gwanayen da Suka Riga Mu Zama a Bakin Kududdufi

Idan damina ta ja jiki a ƙasar Taura, ruwan da kogin Haɗeja ya malalo cikin fadamu ya fara komawa makwancinsa, akwai wata dukiya da yake bari a baya. Manya hankalinsu na kan shinkafa da girbin dawa. Yara kuwa idonsu na kan baƙin yumɓun da ke kwance a gefen kududdufi, wanda samansa ya fara tsattsagewa amma cikinsa na nan da laushi kamar dunƙulen fura. Da wannan yumɓu muka mallaki shanunmu na farko. Kafin ɗayanmu ya taɓa riƙe igiyar maraƙi, ya riga ya zama mai garke: ga bijimai, ga shanun tatsa, ga doki da raƙumi, duk a jere a ƙarƙashin rumbu.

Wannan gini ba shi da sarkin sana'a kamar yadda maƙera da magina suke da nasu. Malamansa yayye ne, yara 'yan shekara goma sha, waɗanda su ma a wurin nasu yayyen suka gani. Su nake son yabawa, kuma yabon gwani ba ya cika sai an bayyana gwanintarsa.

Aikin yana farawa tun daga ɗiban laka, domin gwani ba ya ɗiba ko'ina. Sai ya kankare busasshen saman, ya zura hannu har wuyan hannunsa ya nutse, ya yanko daga can ciki inda babu tsakuwa da saiwar ciyawa. Ya gutsuri kaɗan ya murza a tafin hannu har ta miƙe kamar igiya, sannan ya naɗa ta a ɗan yatsa. In ta karye, rairayi ya yi mata yawa. In ta naɗu tana sheƙi tana manne wa fata, to ta yi danƙo, sai dai danƙon nan shi ne kuma aibinta, domin laka tana motsewa idan ruwa ya fita daga jikinta, mai tsananin danƙo kuwa ta fi kowace tsagewa. Maganin sai a cuɗa ta da ƙaiƙayi mai laushi, ko busasshen kashin jaki da aka marmashe, ko garin tsingaro. Dabarar da mata masu ginin tukwane suke yi ke nan, a wurinsu yara suka tsinto ta. Bayan an cuɗa, sai a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma a bar ta ta kwana. Lakar da ta kwana ta fi ta yau biyayya ga hannu.

A wurin siffantawa ne ake bambance ɗan koyo da gwani. Ɗan koyo yakan mulmula gangar jiki daban, ƙafafu daban, kai daban, ya liƙa su. Kafin la'asar ƙafa ɗaya ta faɗi. Sau nawa na yi haka ina kuka, har ranar da yayana ya karɓe lakar daga hannuna ya ce, "Ƙane, ba haɗa sa ake yi ba, fito da shi ake yi. Yana ciki, kai dai ka jawo shi." Ya ɗauki dunƙule ɗaya, ya danna babban yatsa a inda ciki zai kasance, ya tsamo ƙafafu huɗu daga jikin dunƙulen, gajeru masu kauri, ya ɗan ware su don su ɗauki nauyi. Ya ja wuya gaba, ya matse baki, ya tattaro laka daga kafaɗa ya tayar da tozo. Ya tsoma yatsa a ruwa ya shafe jikin har ya yi sumul, ya sa tsinke ya huda hanci da idanu. Sai ya ajiye a ƙasa, sa ya tsaya da ƙafafunsa bai karkata ba. Duk abin bai kai tsawon shan fura ba.

Amma hannu ba ya gina abin da ido bai sani ba, kuma a nan ne babbar gwanintar take. Yayyenmu ba sa kawai suke ginawa ba, irin sa suke ginawa. Bunaji fari ne, mai baƙin hanci da baƙin kunne, ƙahonsa matsakaici mai lanƙwasa sama, don haka a shafe shi da farar ƙasa a ɗiga masa gawayi. Rahaji ja ne wur, mai dogayen ƙafafu da ƙahoni masu tsawo, shi jar ƙasa ake shafa masa, a nemo masa manyan ƙayoyin farar ƙaya guda biyu masu tsawo ɗaya a soka tun lakar na ɗanya. Bokolo kuwa ƙahonsa ɗan guntu ne, sai fatar wuya mai reto da kunnuwa masu faɗowa. Yaron da ya ɗora wa bokolo ƙahon rahaji, dandali gaba ɗaya zai gyara masa. Wannan sani daga kallo ya fito: daga tsayawa a wajen shanu ranar kasuwar Gujungu, da bin garken Fulani da ido idan sun gangaro fadama da rani, da kai bijiman noma shan ruwa. Gwani yakan tsaya ya dubi yadda tozon bijimi mai ƙiba yake kwantawa gefe ɗaya, da yadda saniya take juyo da wuya tana lasar ɗanta, ya koma ya sa haka a laka.

Bayan gini sai haƙuri. Ba a shanya a rana, ba a kuma bari iskar hunturu ta buga, domin waje zai bushe ya bar ciki da ruwa, jikin ya dare. A inuwa ake ajiyewa, kwana biyu ko uku, ana juyawa. In ya fara ƙarfi sai a goge shi da ɗan dutse mai santsi har ya yi ƙyalli. Sannan gashi. Yaro yakan jira iya ta sauke tuwon dare, ya roƙi a bar masa garwashi, ya binne shanunsa cikin toka mai zafi su kwana, ko kuma a tara busasshen kashin shanu a bayan gida a hura. Wanda bai gama bushewa ba, ruwan cikinsa zai zama tururi ya fasa shi, ka ji "tas" daga murhu, ka san garke ya ragu. Wanda ya tsira yakan fito ja ko da dabbare-dabbaren baƙi, in ka ƙwanƙwasa ya yi amo. Wannan ya zama dukiya, ko ruwan sama ya dake shi ba zai narke ba.

Doki shi ne jarrabawar ƙarshe. Ƙafafunsa sirara ne, wuyansa a lanƙwashe, kuma dokin da bai ɗaga kai ba jaki ne. Gwanaye sukan sa tsinke a cikin ƙafafun, sai dai sun san laka za ta motse ta bar tsinken yadda yake, don haka ba su cika kai irin wannan wuta ba. Wanda ya taɓa zuwa kallon hawan salla a Ringim yakan dawo da kaya cike da kansa: ya roƙi ƙyalle a wurin tela ya yi jalala, ya murɗa zare ya yi linzami, ya lanƙwasa waya ta zama likkafa, takardar alewa mai walƙiya ta zama adon azurfa.

Idan an yanke dawa kuma, kara ya shigo. A ɓare ɓawon a tsaga shi siri-siri, totuwar ciki ta zama mahaɗi, ana soka wannan cikin wancan ba ƙusa ba danƙo. Da haka ake ƙera karkiya a ɗora wa bijimai biyu, a ɗaura musu amalanke mai ƙafafun sakaina. Yaran Taura suna da wani abin kwaikwayo da ba kowane ƙauye ya samu ba, wato layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya kuma ratsa ta garin. Sai ka ga taragon kara a jere, an loda musu shanun laka, wai za a kai su Kudu.

'Yan mata su ma ba a bar su a baya ba. Nasu ginin ya fi namu tsafta: 'yan tukwane da murhu da turmi, da 'yar tsana ta kara ko ta ƙashi, a yi mata kitso da zare, a ɗaura mata zane, a rataya mata tsakiya. Ranar bikin 'yar tsana har gara ake kaiwa. Iyaye ba su hana ba, domin malamai sun kawo cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta, har da wani doki mai fukafukai a cikinsu.

Abin da ya mai da wannan wasa ya zama jama'a shi ne tarawa. Kowane yaro ya san adadin garkensa, kowane sa da sunansa. Akwai musaya, kuma tana da farashi da kowa ya yarda da shi: gasasshen bijimi ɗaya ya fi ɗanye uku. Akwai karo, inda za a gwara bijimai biyu, wanda ƙahonsa ya karye ya faɗi. Kuma ana sanin hannu. A tsakiyar shanu talatin, yaro zai nuna ɗaya ya ce wannan ginin wane ne, daga yadda ya tayar da tozo. Mafi daraja duka shi ne gado. Idan yaya ya girma, za shi gabas karatun allo, ko makarantar kwana, ko an ba shi garma ta gaske, sai ya kira ƙanensa ya damƙa masa garken. Ba mu sayi shanunmu na farko ba, ba mu kuma gina su ba. Ba mu su aka yi, tare da sanin yadda za mu ƙara a kai.

A wasu ƙasashen, masu tara irin waɗannan 'yan mutum-mutumi na wasa sun riƙe tarihinsu da kyau. A Amurka, kamfanin Mattel ya fito da Barbie a 1959, Hasbro ya fito da G.I. Joe a 1964, kuma har yau akwai dattawan da suke tara su, sun san shekarar kowanne, suna kuma girmama waɗanda suka fara tarawa da rubuta bayani tun abin ba shi da daraja. A birnin Rochester akwai gidan tarihin wasa mai suna The Strong, wanda yake karrama kayan wasan yara, har a 2008 ya sa sanda, sandar da yaro ke tsinta a ƙasa, cikin jerin waɗanda ya karrama. Mutanen da suka ɗaukaka sanda, me za su ce da rahajin laka mai ƙahon ƙaya?

Mu ma ƙasarmu ta nuna mana abin da kula take haifarwa. Kan mutum-mutumin nan na Nok da aka tono a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, a gonar doya aka kafa shi don korar tsuntsaye, har wani masani mai suna Bernard Fagg ya gan shi a shekarun 1940 ya gane darajarsa. Daga irin wannan lura aka kai ga buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, duniya ta san cewa an gasa laka a wannan yanki fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A nan cikin Jigawa kuma, a duwatsun Birnin Kudu, mutanen dā sun zana shanu a jikin dutse, zanen yana nan har yau. Sha'awar siffanta saniya ta daɗe a ƙasar nan, yayyenmu reshe ne na tsohuwar itaciya.

Yau motar roba da wayar hannu sun shigo har lungun ƙauye, kuma ban ga laifin yaron da ya so su ba. Damuwata ita ce, wannan ilimi a hannu yake zaune, in ƙarni ɗaya ya tsallake shi, ya tafi ke nan. Gwanayen da suka riga mu suna nan da ransu. Wasu manoma ne a Majiya da Kwalam, wasu magina ne, wasu kanikawa, wasu dillalan shanu waɗanda tun a laka suka koyi duban dabba. Girmama su ba ya buƙatar taro ko kuɗi. A je a zauna da su, a tambaye su wa ya koya musu, a rubuta sunan. Malamin firamare ya gayyato ɗaya ranar aikin hannu. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da Kwalejin Ilimi ta Gumel su tattara kalmomin wannan gini daga bakin masu shi. Duk wanda ya sami gasasshen sa mai kyau kuma, ya ajiye shi a kan kanta, ya rubuta wanda ya gina da garinsu da shekara.

Da kakar da ta wuce na ɗebo laka a bakin fadama, na bar ta ta kwana, na kai wa yayana. Gemunsa ya yi furfura, hannunsa ya yi kanta saboda garma. Na ce, "Yaya, yaran nan ba su taɓa ganin gininka ba." Ya yi murmushi ya ce shekara arba'in rabonsa da ita. Amma da ya murza kaɗan ya naɗa a yatsa, sai ya yi shiru, babban yatsansa ya sami wurin cikin da kansa. Ƙafafu huɗu suka fito, wuya ya miƙe, tozo ya tashi. Jikokinsa suka kewaye shi, ba mai ko tari. Da ya gama ya ajiye san a ƙasa ya tsaya cak, sai ya gutsuri sauran lakar ya miƙa wa ƙaramin cikinsu, ya ce, "Ungo, ɗan nan. Yana ciki, jawo shi."