Bita: Kundin Faɗaɗa Intanet na 2020 zuwa 2025 a Ma'aunin Zamfara

Ba kasafai ake samun takardar gwamnati da talaka zai iya riƙewa ya ce "ga abin da kuka alkawarta" ba. Kundin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Maris na 2020, yana cikin 'yan kaɗan ɗin nan. Ma'aikatar Sadarwa a ƙarƙashin Isa Ali Ibrahim Pantami ce ta kafa kwamitin da ya rubuta shi, Funke Opeke ta shugabance shi.

Babban abin yabo a kundin shi ne bai ɓuya a bayan daɗin baki ba. Ya ce kafin ƙarshen 2025 intanet mai sauri zai lulluɓe inda kashi 90 cikin ɗari na jama'a ke zaune, kashi 70 kuma su riƙa amfani da shi. Ya yanka wa birni gudun megabit 25, karkara 10. Ya ce kada gigabait ɗaya na data ya wuce Naira 390. Ya kuma ƙudurta shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 120,000. Gwamnatin da ta rubuta irin waɗannan alƙaluma ta miƙa wa jama'a ma'aunin da za su auna ta da shi, kuma wannan jarumta ce.

Marubutan sun kuma fahimci inda aikin gwamnati ya tsaya. Ba su ce ta koma sayar da layin waya ba. Aikinta share hanya: ta rage wa kamfanoni tarin haraji, ta kare turakun sadarwa, ta shawo kan jihohi su tsaya a Naira 145 kan kowace mita ta haƙa ramin waya. Mai POS a Tsafe, da ke riƙe da na'ura yana jiran kuɗin manomi su shigo kafin ya ƙirga masa, wannan lissafin ne ke yanke masa ko zai yi ciniki ko zai tashi hannu rabbana. Kamfani ba zai ja waya daga Gusau zuwa ƙauyukan Bungudu don tausayi ba, sai hukuma ta sauƙaƙa masa ko ta tallafa.

Amma Zamfara ta fito da giɓin da ke cikin kundin. A farkon Satumba na 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su katse sabis a faɗin jihar, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ambata da farko, abin ya zarce. Mutane suka riƙa shiga mota daga Gusau, su ratsa Tsafe har Funtuwa a Jihar Katsina, don kawai su kira ɗan'uwa ko su tura kuɗi. Kundin ya yi tanadin kare kayan sadarwa daga ɓarayi da maɓarnata, amma bai shimfiɗa ƙa'idar ranar da gwamnati da kanta za ta kashe sabis ba: wa zai yanke hukunci, na tsawon wane lokaci, kuma wa zai ɗauki asarar 'yan kasuwa?

Giɓi na biyu harshe ne. An rubuta kundin da Turanci, alhali waɗanda aka fi bari a baya da Hausa suke ciniki da karatu. Da an fassara ko da alƙawuran ne, an karanta su a rediyo, da masu bibiyarsa sun ninka.

Wa'adin ya cika ba a kai kashi 70 ɗin ba, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Duk da haka, da ba don kundin ya faɗi adadi ba, da ba mu san girman abin da ya rage ba.

Kundi ne da ya cancanci karatu, musamman ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da 'yan majalisar jiha. Kiranmu ga masu rubuta na gaba shi ne su riƙe wannan gaskiyar ta alƙaluma, su zo Zamfara su saurari jama'a, sannan su fito da shi da harsunan da mutane ke ji.