Mudun da A Ke Auna Ƙasashe

Tun shekarar 2005 wata ƙungiya ta birnin Washinton, mai suna Fund for Peace, ta shiga fid da jerin ƙasashen duniya, tana nuna waɗanda mulkinsu ya rushe da waɗanda ke tsaye. Abubuwa 12 a ke dubawa, kowanne maki 10, jimla 120, ƙasar da ta fi maki ita ce ta fi lalacewa. A 2014 aka sassauta suna, aka bar cewa rusassu, aka koma cewa masu rauni, amma mudun yana nan yadda ya ke.

Lalle lissafin ba duka ya ke banza ba, gama ba mai gardama Somaliya, wadda ta riƙe kan jerin daga 2008 har 2013, ta ga wahala. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen 'yan gudun hijira. Ƙasar da mutanenta suka watse, da wadda ta ba baƙi masauki, duka a kan ƙara musu maki. Ga misali Chadi: tun 2003 mutanen Darfur ke tsallakowa, talakan gabas ya raba rijiyarsa da makiyayarsa da su, sa'an nan aka rubuta wannan karamci a shafin aibinta. Ko alƙalin ƙauye ba ya cin tarar mai masauki don baƙonsa ya zo da yunwa.

Libiya kuwa, da ta ke shiru a hannun Gaddafi, a 2010 ba ta ko cikin 100 na farko. Kafin shekara ta kewayo yaƙi ya tashi, mulkin ya faɗi a 2011.